Amsa Ta Huɗu

Ranar da abin ya fara, Uwar Auta tana tsakar gida tana kwashe shanya. Rana ta riga ta faɗi, sai ɗan jan da ya rage a saman katangar maƙwabta. Unguwa ta yi irin shirun nan na gab da magariba, lokacin da masu shaguna suka ja ƙofofinsu, yara suka shige gida, ba ka jin komai sai ƙarar buta da zubar ruwan alwala. Warin dalmar liƙa waya na fitowa daga ɗan ɗakin da ke kusa da ƙofar gida, alamar mijinta na can yana haɗe-haɗensa, 'yarsu Auta kuma na gefensa kamar kullum.

Sai dutse ya faɗo a kan kwanon rufi. Wani ya biyo shi, wani kuma ya sake biyowa, uku ke nan a jere. Aka yi shiru, har ta sunkuya za ta ɗauki kwandon kayan. Sannan na huɗu ya sauka, ya fi sauran nauyi nesa ba kusa ba, har ƙura ta zubo daga bakin rufin.

"Kai! 'Ya'yan wane ne marasa kunya da magaribar nan?" ta ɗaga murya tana duban katanga.

Babu wanda ya amsa, babu kuma ƙarar gudun yara. Da ta juyo sai ta ga mijinta tsaye a bakin ƙofar ɗakin aikinsa, ƙarfen dalma na hayaƙi a hannunsa, leɓɓansa na motsi kamar mai ƙirga wani abu.

"Baban Auta, ka ji kuwa?"

"Yara ne," ya ce, ya koma ciki ya turo ƙofar.

Mutumin nan Injiniya ake ce masa a unguwa, ko da yake bai taɓa taka ƙofar jami'a ba. Gyaran fanka da dutsen guga ne sana'arsa, da ita ya aurar da 'ya'yansa maza biyu, amma abin da ya ci masa rai shi ne rediyon magana, irin wanda mutum ke kira da shi wani ya amsa daga wata duniyar. Bai taɓa sayen na kanti ba. Nasa a cikin gwangwanin biskit ya haɗa shi, da tarkacen da ya ciro daga matattun talabijin, da wayar tagulla da aka naɗe a jikin guntun bututun ruwa. Duk ranar Asabar sai ya saɓa jaka, ya ɗaure batir da doguwar gora a bayan babur, ya nufi duwatsun bayan gari. A can sama zai kafa gorar, ya miƙa waya a kanta, ya zauna a kan dutse yana kira: "Ina kira, ina kira, duk mai jina ya amsa." In an amsa masa daga nesa, ya dawo gida yana washe baki kamar an yi masa albishir da haihuwa.

Su masu wannan harka suna da ƙungiya, suna da lasisi da lambobin kira, suna kuma da dokokin da suke riƙe da su kamar addini. Duk wanda ka yi magana da shi sai ka rubuta lambarsa da lokaci a littafi, sannan ka aika masa da kati na shaidar cewa kun gaisa. Dutsen da ba a taɓa kira daga kansa ba, ba a cewa ka buɗe shi sai mutum huɗu sun amsa maka kana sama. Injiniya shi ne ma mai duba littattafan 'yan ƙungiya, shekara goma sha ɗaya, an san shi ba ya ɗaga wa kowa ƙafa.

Uwar Auta tela ce, kekenta na falo kusa da taga, kuma ta daɗe da daina faɗa a kan gwangwanin biskit. Tana dai yi masa tsiya, takan ce ta ga mazan da ke barin gida don neman kuɗi da masu barin gida don yawon banza, amma nata mijin dutse yake hawa don ya tambayi wanda bai sani ba ko yana jin sa. Abu ɗaya ta roƙe shi tun suna da ƙuruciya, ya kuma rantse mata a kai: kada magariba ta riske shi a saman dutse. Ya sha yi mata bayani cewa a daidai faɗuwar rana ne murya ta fi tafiya nesa, 'yan harkar duk sun san haka. Ta ce ta ji, muryar ta tafi ita kaɗai, shi dai ya sauko.

Auta kuwa 'yar babanta ce ta gaske. Shekararta ashirin, tana karatun wutar lantarki, ita ke naɗe masa wayoyi don yatsunta sun fi nasa natsuwa. Ita ce kuma mai rubuta littafin. Yakan dawo da 'yar takarda da ya yi wa kwasar karan mahaukaciya da fensir, ta zauna ta kwafe da biro, layi bayan layi, da rubutunta mai kyau. Kwana biyu kafin jifan nan ƙungiya ta aiko masa da takardar yabo, wai shi ne mutum na farko da ya buɗe wani dogon dutse mai wuyar hawa. Auta da kanta ta saka takardar a gilashi ta rataye a falo, saman keken uwarta.

Washegari da magariba duwatsun suka dawo. Uku a jere, shiru, sannan na huɗu mai nauyi. Haka jibi, haka gata. Uwar Auta ta sa tsani ta leƙa saman rufin da safe, ta tarar da su a kwance, baƙaƙe masu kaifi, ba irin tsakuwar layinsu ba. Amma wa za ka zarga in ba na kusa da kai ba? Ta yafa mayafi ta shiga gidan maƙwabciyarta, matar da suka yi shekara goma sha takwas suna aron gishiri da allura, ta ce ta ja wa jikokinta kunne. Maƙwabciyar ta rantse yaran ba sa fita bayan la'asar. Magana ta yi tsami, aka tono abin da ya wuce da wanda bai wuce ba, ta fito ana buga ƙofa a bayanta. Ta ba mijinta labari tana huci, ya saurara har ƙarshe, ya ce ta yi haƙuri, bai ƙara komai ba.

A rana ta shida hannun Auta na dama ya ƙi buɗuwa. Ta tashi da safe yatsunta uku a haɗe, kamar ta riƙe biro, ba ciwo, ba kumburi, amma ko uwar ta sa ƙarfinta duka ba sa rabuwa. Aka je asibiti, aka ɗauki hoto, likita ya juya hannun ya sake juyawa, ya ba da magani ya ce a dawo bayan mako biyu. Yarinya mai surutu da dariya ta koma shiru. Abinci sai an yi da gaske take cin loma biyu. Da rana tana nan kamar marar lafiya kawai, amma da zarar inuwa ta cinye tsakar gida sai ta miƙe, ta tafi ƙofar ɗakin aikin babanta ta tsaya, fuskarta a jikin katakon, ba ta ƙwanƙwasa ba, ba ta motsa ba, har duwatsun su gama sauka.

Ranar da ta fara magana, uwar na bayanta riƙe da kofin shayi. Muryar da ta fito ba ta Auta ba ce. Murya ce ta tsoho, busasshiya, da wani shuu a ƙarƙashinta kamar na rediyon da bai kama tasha sosai ba.

"Ina kira, ina kira. Mai gwangwani, kana jina? Gare ka."

Kofin ya suɓuce ya fashe. Uwar Auta ta rungumo 'yarta ta baya tana salati, jikin yarinyar sanyi ƙalau kamar randa. Injiniya na cikin ɗakin, ƙofa a rufe, bai fito ba sai da komai ya lafa.

Bayan an yi sallar isha'i ta same shi a falo. Ba ta ɗaga murya ba, ta zauna a kujerar kekenta ta dube shi.

"Baban Auta, don girman Allah, ka san wani abu a kan wannan lamarin?"

"Me zan sani?"

"Da kalmominku take magana. Gwangwaninka ta ambata."

"Yarinyar da ta tashi tana jin kalmomin nan tun tana rarrafe, in zazzaɓi ya taɓa mata kai me kike so ta faɗa?" Ya shafa gemunsa, idonsa a ƙasa. "Ki kwantar da hankalinki. Zai wuce."

Ta yarda da shi. Wannan ne abin da daga baya ya fi ci mata rai, cewa ta yarda da shi ba tare da ko ɗar ba. Shekara talatin da ɗaya suna tare, ta san shi da taurin kai, ta san shi da mantuwa, amma ba ta san shi da ƙarya ba. Ta ga ya rame shi ma, ta ga yana yawan sadaka, yana daɗewa a kan sallaya, sai tausayinsa ya kama ta, har takan zuba masa abinci ta zauna ta lallashe shi ya ci.

Kwanaki suka yi ta tafiya, nauyinsu na ƙaruwa. Ɗinkin mutane ya taru a kan keke babu mai taɓawa. Auta ta zube, wuyanta ya yi tsawo, idanunta suka faɗa. Hannun ya fara ƙanƙancewa har zuwa gwiwa. Duk lokacin da uwar ta ce a kira malami sai Injiniya ya ce a ɗan jira, maganin likita bai gama aiki ba, kada a tara musu jama'a. A rana ta goma sha tara Auta ta yanke jiki ta faɗi a bakin ƙofar nan, goshinta ya fashe. Uwar ta wanke jinin, ta ɗaure wurin, ta ɗauki mayafinta. Ba ta nemi izinin kowa ba.

Malam tsoho ne ɗan siriri da ke karantarwa a masallacin bayan layi, mutum marar hayaniya, wanda ba ya tafe da tarkace. Ya iso bayan la'asar da carbinsa da gorar ruwa. Ya gaisa da maigida, ya dubi yarinyar da ke kwance a kan tabarma a falo, ya dubi hannun, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya ce a buɗe taga, uwar ta zauna a gefen kan yarinyar, uban kuma kada ya fita.

Ya fara karatu a hankali, murya ƙasa-ƙasa, ba gaggawa. Hasken taga ya yi ta ja baya a jikin bango, daga kan keke ya hau takardar yabon, daga nan ya ɓace. Falon ya yi duhu-duhu, babu wanda ya tashi ya kunna fitila. Tsuntsayen da ke kan wayar lantarki suka yi tsit. Uwar Auta tana jin numfashin mijinta a can lungu. Sai dutsen farko ya sauka, na biyu, na uku. Malam bai tsaya ba. Na huɗu bai faɗo ba. A maimakonsa Auta ta tashi zaune tsam, bayanta a miƙe, idanunta a buɗe ba sa kallon kowa.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni, ni kuwa ba da kai nake ba."

"Wane ne kai?" Malam ya tambaya.

"Mazaunin dogon dutse ne. Ina can tun kafin a kafa garinku."

"Me ya kawo ka gidan mutane? Me yarinyar nan ta yi maka?"

"Kirana aka yi." Kan Auta ya juya sannu a hankali ya fuskanci lungun da Injiniya yake. "Ka tambayi mai gwangwani. Ya hau wurina ya kafa gorarsa, ban hana shi ba. Mutum uku suka amsa masa, sannan iska ta ɗauke. Ya yi ta kira har muryarsa ta dushe, rana na faɗuwa, yana roƙo kamar zai yi kuka. Na ji tausayinsa. Ban san iyakar shekarun da na yi babu wanda ya yi mini sallama ba. Na amsa masa."

Uwar Auta ta dubi mijinta. Ta tuna Asabar ɗin. Ya dawo bayan isha'i, ya ce tayar babur ce ta yi faci a hanya, har ta ɗora masa ruwan zafi ya gasa ƙafa.

"Ya tambaye ni lamba, na ce ba ni da ita, a nan nake zaune," muryar ta ci gaba. "Ya gane ko ni wane ne, don na ga hannunsa na rawa. Amma bai kashe gwangwanin ba. Ya ce ya gode, ya ce zai rubuta ni a littafi kamar kowa, zai kawo mini kati ya ajiye a ƙarƙashin dutsen da ya zauna. Na yi murna, Malam. Wata guda ina leƙa ƙarƙashin dutsen nan. Da na gaji na biyo sawu, sai na tarar a layina na cikin littafin an rubuta lambar wani Dogo, abokinsa, wanda a ranar yana gida yana barci. Da ni aka cike huɗu, aka ba shi takarda, aka shafe ni kamar ban yi magana ba. Wannan hannun ne ya rubuta, shi ya sa na riƙe shi."

"Abin da aka ba ta ta kwafa," Malam ya ce, muryarsa ta yi kauri. "Ba ta hau dutsenka ba, ba ta yi maka alkawari ba. An cuce ka, kai kuma ka zo ka cuci wadda ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Ba ka tsoron Allah?"

"Ina tsoronsa. Shi ya sa ban fara da ita ba. Kwana biyar ina jifa ina ƙirga masa. A rana ta uku na yi masa magana ta cikin gwangwanin, babu ko batir a jiki. Na ce ya gyara layin in tafi. Ya rufe murfin, ya ɗora masa littattafai."

Malam ya juya.

"Injiniya, gaskiya ne?"

Uwar Auta ta kafe mijinta da ido. Har a wannan lokacin tana jiran ya ce ƙarya ne, ai an san aljanu da ƙarya, da ta tsaya masa. Ya sunkuyar da kai har gemunsa ya taɓa ƙirji.

"Gaskiya ne, Malam."

Ba ta yi kuka ba, ba ta yi ihu ba. Jikinta ne kawai ya yi sanyi tun daga tafin ƙafa. Tun rana ta uku, kafin hannun ya kame, kafin asibiti, kafin goshin nan ya fashe, ya san cutar, ya san maganinta, maganin kuma bai wuce layi ɗaya na biro ba. Ya bar ta ta je ta ci mutuncin maƙwabciyarta. Ya dubi tsabar idonta ya ce me zai sani. Ita kuwa, sakarya, tana zuba masa abinci tana lallashi. Ta ji kunyar kanta, ta ji haushin kanta, sannan haushin ya koma inda ya dace.

Malam ya koma kan baƙon da ke jikin yarinyar. "To ka faɗi abin da kake so, ka fita."

"Hannun nan ya yi mini. Ku bar mini shi, ya riƙa rubuta mini masu wucewa."

Malam ya ɗora karatu daga inda ya tsaya, wannan karon da ƙarfi. Jikin Auta ya fara karkarwa, muryar ta yi ƙara kamar ƙarfe a kan ƙarfe.

"Tsaya! Tsaya, na fasa! A ba ni gwangwanin."

"Me za ka yi da shi? Ka riƙa kiran mutane kana ruɗa su? Ba za a ba ka ba. Haƙƙinka za a ba ka, ba ƙari."

An daɗe ba a ji komai ba sai shuu ɗin nan. Da muryar ta dawo, ta yi laushi, har ta ba Uwar Auta tausayi ba da sonta ba.

"A soke lambar Dogo, a rubuta ni. Ya kawo katina. Kuma ya hau inda ya zauna, ya kafa gorarsa, ya gaya wa 'yan'uwansa da bakin da ya yi kiran cewa mutum uku ya samu, na huɗun ƙarya ya rubuta. Tunda a iska ya yi mini alkawari, a iska zai warware."

"Da hantsi zai hau, ba da magariba ba," Malam ya ce. "Kai kuma yanzu za ka fita, ba sai ya hau ba, kuma ba kai ba gidan nan har abada. Ka rantse."

"In ya soke layin a gabana, na rantse."

Duk suka dubi Injiniya. Ya ɗago, fuskarsa jiƙe da gumi. Idonsa ya sauka a kan 'yarsa, daga nan ya zame ya hau bango, inda takardar take a cikin gilashi. Ɗan lokaci ne ƙanƙani, amma matarsa ta gani.

"Malam," ya ce a hankali, "in na soke layin, na mayar musu da takardar a asirce, bai wadatar ba? Ni ne fa mai duba littafin kowa. In na faɗa a iska, har ƙasashen waje za a ji. Shekara talatin..."

Bai ƙarasa ba. Uwar Auta ta zare hannunta daga kafaɗar 'yarta, ta miƙe, ta fita. Suka ji ta banke ƙofar ɗakin aikin, suka ji littattafai na zubewa. Ta dawo da babban littafin da biro, ta kunna fitila, ta buɗe shafin Asabar ɗin nan ta ajiye masa a kan gwiwa. Ga layuka huɗu nan da rubutun Auta, tsaf-tsaf, babu ko gogewa.

"Rubuta," ta ce.

"Uwar Auta, ki fahimce ni, na ɗauka zai gaji ya..."

"Rubuta, Injiniya."

Tun da aka haifi yarinyar ba ta taɓa kiransa da wannan sunan ba, sunan 'yan waje ne. Ya karɓi biron. Ya ja layi a kan lambar Dogo, ya danna biron har takardar ta huje. Ya tsaya, ya tambaya ba tare da ya ɗago ba, da wane suna zai rubuta.

"Sunana ba zai shiga bakinka ba," muryar ta ce. "Ka rubuta: wanda ya amsa."

Ya rubuta. Ya ce gobe da hantsi zai hau, zai faɗa, Allah ne shaida. Malam ya sa baƙon ya maimaita rantsuwarsa sau uku, ya tofa addu'a a ruwan gora ya shafa wa hannun.

"Na gama," muryar ta ce, tana nisa kamar ana rage ƙarar rediyo. "Mai gwangwani, da ka bar ni a shiruna da ya fi mini. Na rufe."

Yatsun nan uku suka saki ɗaya bayan ɗaya. Auta ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale a jikin uwarta, gumi ya karyo mata, jikinta ya ɗau ɗumi. A waje aka ji ladan ya ɗaga murya, wani yaro ya yi dariya a layi, unguwa ta dawo da hayaniyarta. Malam ya tattara carbinsa, ya faɗi abin da za a riƙa karantawa safe da yamma, ya ƙi karɓar komai. A bakin ƙofa ya dubi Injiniya kamar zai yi magana, sai ya girgiza kai ya wuce masallaci.

Auta ta buɗe ido bayan ɗan lokaci. Ta dubi silin, ta dubi hannunta, ta motsa yatsun tana mamaki. Ba ta tuna komai ba. Uwar ta tallafo kanta ta kai mata kofi baki, amma yarinyar waige-waige take yi.

"Ina Baba?"

Ya matso da gwiwoyinsa. Ta miƙa hannun nan da ya warke ta kama nasa, ta yi murmushin da aka yi kwana da kwanaki ba a gani ba.

"Kai, Baba, dubi yadda ka rame. Kada ka damu, na warke. Ni dama ko a cikin ciwon hankalina a kwance yake, na san ba za ka bari wani abu ya same ni ba."

Injiniya ya kasa ɗaga kai. Uwar Auta ta ji maganar ta taso mata har maƙogwaro, da ɗacinta da zafinta, ta haɗiye ta da ƙyar.

"Sha ruwanki," ta ce.

Sai da yarinyar ta yi barci ta fito tsakar gida. Yana zaune a bakin ƙofar ɗakin aikinsa, ya fito da gora da batir yana ɗaurewa don tafiyar safe. Da ya gan ta ya miƙe.

"Ki yafe mini. Wallahi kullum cewa nake gobe zan gyara."

"Magaribar da ka kai a dutse na yafe. Facin taya ma na yafe," ta ce, muryarta ba ta rawa. "Kwanakin nan da ka zauna kana kallonmu ne ban san inda zan ajiye su ba. Kada ka tambaye ni yanzu."

Ya jujjuya igiyar da ke hannunsa.

"Za ki gaya mata?"

"Ni? A'a. Ba ni na ba ta lambar ta rubuta ba." Ta gyara ɗaurin zaninta. "Gobe za ka hau dutse ka gaya wa mutanen da ba su taɓa ganin fuskarka ba. Kafin ka taɓa babur ɗin nan, za ka shiga ka zauna a gabanta, ka gaya mata da bakinka, tun daga rana ta uku. Ina tsaye a wurin."

"Uwar Auta, ba za ta ƙara kallona kamar da ba."

"Ba za ta ƙara ba," ta ce. "Ni ma haka."

Ta juya ta koma wurin 'yarta, ta bar shi tsaye da igiya a hannu.